Magana Uku a Gaban Aradu

Ranar da na fara aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, kaina cike yake da karatu kamar zai fashe. Aka haɗa ni da shugabar sashen jini, wata gajeriyar dattijuwa da kowa ke kira Gwaggo, har likitocin da suka girme ta. Shekararta ashirin da shida tana leƙen jinin mutane.

Akwai wani madubin gwaji mai wurin leƙawa biyu kusa da taga. Nan take zaunar da ni kullum da safe, ita a gefe ɗaya, ni a ɗayan, gilashin jini a tsakaninmu.

"Me kika gani?"

Sai in zubo mata karatu. Ta bari in gama tsaf, sannan ta ce, "Littafi na tambaya ko ke? Sake dubawa, 'Yar Gaggawa."

Ba ta taɓa faɗin amsa kafin in faɗi tawa ba. In na yi kuskure, ta ɗan matsar da gilashin, ta bar ni har in gano da kaina. In na dace, "To" kawai za ta ce. Wata huɗu na yi ina farautar wannan "To" ɗin.

Wata Talata da hantsi aka kawo jinin wata malamar makaranta da aka yi wa maganin zazzaɓi sau uku, jiki bai yi sanyi ba. Zazzaɓin cizon sauro kawai aka ce a duba. Ban ga ƙwayarsa ko ɗaya ba, amma fararen ƙwayoyin jininta ba su kwanta mini a rai ba: manya-manya, ba su ƙosa ba, sun cika fili. Na shafa wani gilashin, na rina, na sake dubawa. Haka dai.

Gwaggo ta leƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"To. Tashi ki gaya wa likitanta."

Likitan nan Aradu ma'aikata ke ce masa, don in ya daka tsawa a bene na uku, har wurin ajiye motoci ana ji.

"Haba Gwaggo, ke dai ki je. Ke yake jin nauyi."

"Ni na gano ko ke? In na je yau, gobe ma ni za a nema, ki tsufa a bayan madubi ba wanda ya san idonki. Magana uku za ki yi: abin da aka ce ki duba, abin da kika gani, da shawararki. Kada in ji 'kamar dai'. Gwada a kaina."

Sau uku ta sa na maimaita, sannan ta gyara mini wuyan farar rigata, ta nuna mini ƙofa.

Na same shi yana rubutu. Na faɗi maganata uku. Bai ɗago kai ba ya ce, "Wa ya duba?"

"Ni ce, likita."

"Gwaggo fa?"

"Ta tabbatar. Amma ni na gano."

Ya ajiye biro, ya biyo ni har ƙasa, ya leƙa da idonsa. Da ya miƙe bai yi tsawa ba. Ya ce a tura matar wurin ƙwararrun cutar jini a ranar, ya kuma tambayi sunana ya rubuta. A makon nan aka fara mata magani, bayan shekara guda ta koma aji.

Daga nan Gwaggo ta fara tura ni taron likitoci na mako-mako in yi bayani a madadinta, ita tana can kujerar baya tana goge tabarau. Ita ta matsa aka tura ni ƙarin karatu. Bayan shekara shida, da aka buɗe sashen jini a wani sabon asibiti, da hannunta ta ajiye takardar neman shugabancinsa a kan teburina.

Na ce, "Anya na isa?"

Ta ce, "Jibi ake rufewa. Ko bironki ne ya ƙafe?"

Mu tara muka shiga ganawa, ni aka ɗauka.

Mahaifiyata ta yi ado ta zo asibiti musamman don godiya. Ta riƙe hannun Gwaggo ta ce, "Ni dai haihuwa na yi, ke kika yi reno."

Gwaggo ta ce, "Yaya, kwashi abarki ki yi gaba. Makon jiya sau biyu ta gyara mini kuskure, kuma duka biyun ita ce da gaskiya. Ai zamanmu ɗaki ɗaya ya ƙare."