Haƙorin da Bai Nuna Ba

A watan Maris na 2011, lokacin da wutar lantarki ba ta cika awa biyu a zaune a Lahore, Tasnim Kausar ta shekara goma sha tara tana ƙera haƙora a bayan asibitin Dakta Cima. Ranar nan aikin Ustad Nawab Din ne a tanderunta, tsohon mai busa algaita wanda haƙorinsa na gaba ya karye ana saura kwana biyu bikin fitilu, inda bai taɓa fashin busa ba tun 1968. In ba haƙori, leɓe ba ya riƙe bakin algaita.

Gilashin da ake sassaƙa irin wannan haƙori shuɗi ne, marar ƙarfi. Sai ya sha zafin da ya haura digiri ɗari takwas, ƙananan allurai su tsiro a cikinsa su sarƙe kamar saƙar tabarma, sannan ya yi fari, ya yi ƙwari. Ana dab da gama gasa na Ustad aka ɗauke wuta.

Da ya huce, Dakta ya jujjuya shi. "Ai ya yi fari, Yaya Tasnim. Kawo mu manna."

Tasnim ta ɗaga shi wajen taga. Can a tsakiyarsa ta hango ɗan shuɗi kamar hayaƙi.

"Bai nuna ba, ranka ya daɗe. Kuma wanda wuta ta katse wa ba na mayar da shi tanderu."

"'Yata," in ji Ustad da ke zaune yana jira, "ni ma ban gama nuna ba, ga ni ina yawo."

"Kai Allah ne ya gasa ka, Baba. Wannan kuwa sunana ke kansa."

Ta sa filaya ta ɗan matsa, ya dare biyu.

Ta sassaƙa sabo, amma ta ƙi kunna tanderu, ko da wuta ta dawo da la'asar, domin ta san ta la'asar ba ta da alkawari. Sai da hantsin washegari, lokacin da ta lura wuta takan daɗe, ta gasa shi, ta bar shi ya huce a kan kansa, Dakta na ta leƙe yana duba agogo.

Da aka manna, Ustad ya taɓa shi da harshe, ya zaro algaita daga jaka, ya kafa a baki. Sautin ya fito dogo, ba rawa. Har mutumin da Dakta ya bari baki buɗe a kujera ya miƙe zaune.