Kujerar Dikko a Jirgin Alhamis

"Shu'aibu, in an hau sama, ina gabas take?"

Dikko na kwance a bayan mota ya yi tambayar, an baro Cadawa an miƙi hanyar Maraɗi. Shu'aibu, maƙwabcinsa na shekara talatin, na zaune a gefensa. Hannun tsohon ya yi sanyi a cikin nasa.

Shekarar fari ce. Shanun Dikko sun faɗi ɗaya bayan ɗaya yana kallo, sannan ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Ɗansa Mumuni, wanda lakol, makarantar boko, ta ɗauke tun yana ƙarami, shi ne darakta a kamfanin jiragen sama da ya fara sauka Maraɗi duk Alhamis. Ya aiko mota da umarni: a sa baba a jirgi, likitocin Yamai na jira. Bai tambayi tsohon ba. Masu muƙami ba su cika tambaya ba. Kuma hatsin da yake aikowa ne ke riƙe da gidajen biyu, na Dikko da na Shu'aibu.

A filin jirgi suka ga abin yana kewaya sama kafin ya sauka.

"Ka gani? Juyi yake yi," in ji Dikko, numfashinsa na sarƙewa. "In rai ya zo fita a ciki, wa zai fuskantar da ni alƙibla? Kada ka bari, maƙwabci."

Wani ma'aikaci mai farar riga ya iso da sauri. "Ku ɗauko shi, an ajiye masa kujera."

Shu'aibu ya dubi tsohon. Ya tuna rumbunsa, ko zangarniya babu. Ya tuna bakuna tara a gida.

"Ba zai hau ba."

"Kai wane ne?"

"Maƙwabci."

"To, maƙwabci, kai za ka gaya wa darakta da bakinka."

Shu'aibu ya rungumi tsohon, ba nauyi ko kaɗan, ya kai shi gindin bishiyar bedi. Ya duba rana, ya kwantar da shi a ɓarin dama, fuska gabas. Ya sa baki a kunnensa yana maimaita kalmar shahada. Jirgi ya yi ruri har ƙasa ta girgiza. Bai ji muryar Dikko ba, amma ya ga leɓɓansa sun motsa. Kafin rurin ya ɓace, sun tsaya.

Ya shafe masa idanu, ya yagi bakin rawaninsa ya ɗaure masa haɓa.

A cikin buro, ofishin filin jirgin, waya ta fara ƙara. Ba wanda ya ɗauka. Shu'aibu ya kakkaɓe gwiwoyinsa, ya nufi ƙofar a hankali.