Gaba Gwanki, Baya Suruki

A duk Birnin Gwari babu wanda ake yi wa dariya kamar Salmanu, kuma laifinsa ɗaya ne tak: ya ce har yanzu akwai gwanki a daji. A da, lokacin da baƙi ke zuwa kallon namun daji, shi ne mai yi musu jagora. Da rashin tsaro ya sa daji ya yi zafi baƙi suka ɗauke ƙafa, sai ya koma facin taya a bakin tasha, amma bakinsa bai yi murabus ba. Shekara bakwai yana rantsuwa cewa ya ga gwanki da idonsa, namiji, mai farin baki da ƙaho kamar lauje. Mutanen gari suka ce gwanki ya ƙare tuntuni, suka laƙaba masa suna Salmanu Gwanki, har masu kawo faci ba su san yana da wani sunan ba.

Shugaban masu ƙaryata shi kuwa ba kowa ba ne illa surukinsa, Malam Abdulbaƙi, mahaifin matarsa Bushira. Tsoho ne mai sayar da zuma da sassaƙen itatuwa. Kowa ya san kunnensa ya yi nauyi, muryarsa ce dai ba ta san da zancen ba. Duk ranar kasuwa sai ya tsaya da kekensa a gaban rumfar faci ya ɗaga murya: "Saniyar Bakoji ya gani! Makiyayin nan yana da wata ja mai dogon ƙaho!" Wa ke musu da suruki? Salmanu sai ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Haka ne, Baba."

Abin yana yi masa ciwo ƙwarai. Ba ya son komai a duniya kamar hoto guda ɗaya da zai manna a jikin rumfarsa, domin gani ya kori ji.

Da bazara, hanya ta ɗan yi sauƙi, sai ga baƙi biyu daga Kaduna suna cigiyar mai jagora. Susan malamar makaranta ce mai koyar da ilimin halittu, ta gaji da nuna wa ɗalibai dabbobi a littafi. Mijinta Japheth yana rataye da kyamara mai dogon baki kamar algaita. Salmanu na ganin kyamarar nan ya yar da tayar da ke hannunsa, ya bar mai babur yana ta kira.

Washegari da hantsi suka shiga daji a wata tsohuwar a-kori-kura da ya samo aro, ya ɗaure musu bencin rumfarsa a baya. Da hanyar mota ta ƙare ya tara su ya karanta musu doka.

"Malama, ba turare. Oga Japheth, a kashe waya. Ba tari, ba atishawa. Wanda kunama ta harba ya yi kuka a zuci. Gwanki yana jin motsin gira."

Suka taka da ƙafa. Suka ga birai, Japheth ya ɗauki hoto arba'in. Suka ga zabbi, ya ɗauki sittin. Ya ɗauki hoton wani kututture da ya rantse kada ne, Salmanu bai hana shi ba, don baƙo ba a kunyata shi. A ƙarshe suka isa wani ɗan tafki da bai gama ƙafewa ba, suka laɓe su uku a bayan wani ƙaton suri.

Rana ta take. Cinnaka ya samu hanya cikin wandon Japheth, bawan Allah ya cika alkawari, ya yi kukansa a zuci, hawaye kawai ke zuba. Susan ta fara gyangyaɗi. Salmanu kuwa ya karanta duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa.

Can sai ciyawa ta motsa, gwanki ya fito.

Ga farin bakin, ga ƙahon, ga dogayen kunnuwa. Ya tako a hankali ya sunkuya yana lasar ƙasa a bakin ruwa. Salmanu ya ji kamar ya tashi ya rungume shi. Ya zunguri Japheth, Japheth ya ɗaga kyamara, ya ga duhu, ashe bai cire murfin ba. Yana kokawa da murfi ke nan sai suka ji ƙiiƙ, ƙiiƙ daga bayansu. Salmanu ya san kukan wannan keken ko cikin barci.

"Salamu alaikum!"

Malam Abdulbaƙi ne tsaye, ƙafa ɗaya a ƙasa, gorar zuma a bayan keke. Gwanki ya ɗaga kai. Salmanu ya amsa sallamar a zuci, yana fatan Allah zai karɓa. Allah zai karɓa, tsoho ne bai karɓa ba.

"Na ce salamu alaikum! Ko Musulmi sun ƙare a dajin nan?"

"Wa alaikumus salam, Baba," in ji Salmanu da raɗa. Ya ɗora yatsa a baki, sai ya tuna wanda yake yi wa, ya yi sauri ya mai da yatsan hanci kamar yana susa.

"Me ka ce? Ashe Salmanu ne! Ka gan ni ka kwanta a bayan suri kamar damo?"

Mutane na cewa gaba kura baya sayaki, to shi Salmanu gaba gwanki ne baya suruki. Idan ya yi shiru, gobe duk gari zai ji ya ƙi gaida uban matarsa. Idan ya ɗaga murya, shekara bakwai sun tafi a banza. Kafin ya gama shawara hannunsa ya riga ya yanke hukunci, ya kai ga takalmi. Takalman roba ne dogaye, gumi ya cika su, na farko ya fita da wata ƙara mai ban kunya. Ya juya wa gwanki baya ya durƙusa.

"Ina wuni, Baba?"

"Ɗaga murya!"

"INA WUNI, BABA!"

"Lafiya lau! Ina gajiya? Ya Bushira? Ya ƙafarta da ta bugu? Ya faci? Ya baƙi? Baƙin nan ba su iya gaisuwa ba ne?"

Susan ta durƙusa ta gaishe shi tana leƙen tafki ta gefen ido. Japheth ya cire murfi a daidai lokacin da tsoho ya turo keke ya tsaya a gabansa yana miƙa hannu. Kyamara ta yi ƙyas. Suka ji rugugin kofato, ciyawa ta rufe, shi ke nan.

Suka haɗa kai a kan hoton. Ga hular Malam Abdulbaƙi ta fito tsaf, har zaren da ya warware. Ga kunnensa na hagu. A bayan kunnen, can nesa, ga wani abu ja-ja da ɗan guntun wutsiya. Tsoho ya karɓa ya duba, ya juya shi sama da ƙasa.

"Saniyar Bakoji," in ji shi.

Susan ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ce ita dai ta ga gwanki da idonta, kuma za ta faɗa wa duk wanda ya tambaya. Salmanu ya yi godiya, amma ya san mutanen tasha, cewa za su yi baƙuwa ta yi masa kara. Ya ɗauki takalminsa a hannu, idonsa ya kawo ruwa, bai ma ɓoye ba.

Baƙi suka yi gaba. Tsoho ya ce Salmanu ya tsaya ya ɗaure masa gorar zuma. Yana cikin ɗaurin sai ya ji wata murya ƙasa-ƙasa, wadda bai taɓa sanin surukinsa na da ita ba.

"Ya rame bana."

Salmanu ya saki igiya. Malam Abdulbaƙi ya buɗe jakarsa, ya ɗebo kanwa, ya je ya watsa a daidai inda gwanki ya lasa.

"Shekara tara nake zuba masa. Jiya Bushira ta ce ka samo mai hoto, na ce yau ba ni ba zama. Ran da hoton nan ya hau rumfarka, kafin la'asar masu bindiga sun iso nan, jibi ana sayar da kilishinsa a tasha."

"Amma Baba, shekara bakwai ana yi mini dariya."

"Ka mutu?"

"A'a."

"To shi zai mutu." Tsoho ya hau keke, ya gyara hula. "Kuma tun raɗarka ta farko na ji amsar sallamar. Ka iya gaisuwa, ba laifi."

Ranar kasuwa keke ya yi ƙiiƙ a gaban rumfar faci, 'yan tasha suka matso don kada a ba su labari. Malam Abdulbaƙi ya cika ƙirji ya ce wannan karon har da shaidar hoto, saniyar Bakoji ce, wutsiyarta ma ta fito. Aka fashe da dariya, har da masu buga cinya. Salmanu ya tuɓe takalmi ya durƙusa a hankali, yana dafe da aljihu don kada ƙullin kanwar da ya sayo ya faɗo.

"Haka ne, Baba," in ji shi.