Ciwon da Ya Kama Gidan Burodin Hajiya

Shekara talatin da ɗaya Baba Tanderu yana gasa burodi a gidan burodin Hajiya, bai taɓa duba agogo ba. Da kuncinsa yake aiki. Zai matso ya kara gefen fuskarsa dab da ƙofar tanderun kamar mai sauraron gulma, ya ja numfashi, sannan ya ce "saura kaɗan" ko "a fito da shi". Kuncinsa na dama har ya fi na hagu duhu, matarsa kan ce shi ma gefe ɗaya ya gasu.

Wata Talata da hantsi yana cikin wannan sauraro bututun gas ya fashe. Ƙofar ƙarfen ta ɓalle, ta wuce ta gefen kunnensa, ta daki bango. Ba wanda ya mutu. Girarsa ce ta ƙone, da rabin gashin baki. Kwana huɗu aka gyara tanderu, aka koma aiki.

Hajiya mace ce mai jin maganar 'yarta, 'yar kuwa ta yi karatu mai zurfi. Ita ta sa aka kawo wata likita mai duba damuwar zuciya. Likita ta tara ma'aikata a tsakanin buhunan fulawa, ta ce akwai ciwon firgita da ke kama mutum bayan ya ga tashin hankali: abin ya riƙa dawo masa, ya ƙi wurin da ya faru, ƙara kaɗan ta zabura shi. Da ta tsaya a nan, da an wuce lafiya. Sai Hajiya, don tausayi, ta ƙara da cewa duk wanda abin ya kama a mayar da shi shagon gaba har ya warke. Shagon gaba kuwa akwai fanka, akwai kujera, akwai rediyo.

Kafin likita ta kai bakin titi ciwon ya kama mutum uku.

Dogo mai kwaɓa fulawa ne ya fara. Kowa ya san yana banɗaki lokacin da abin ya fashe, amma ya ce ai a can ƙarar ta fi amsawa. Direba yana can wata unguwa yana sauke burodi, a waya aka gaya masa, ya ce tun daga ranar ko waya ta yi ƙara sai hanjinsa ya kaɗa. Maigadi bai ma zo aiki ba ran nan.

"Ni tawa firgitar tsohuwa ce," in ji shi. "Tun ranar da surukata ta sauka gidana da akwati biyu nake da ita. Yau dai na san sunanta."

Cikin sati biyu kalmar ta zama ta kowa. Wanda ya makara, firgita. Wanda aka aika ya ɗauko buhu, firgita. Dogo har ya koyi dafe ƙirji in ya hango Hajiya.

Baba Tanderu yakan tofar da yawu in ya ji. "Ciwon malalata," yake cewa da ƙarfi, don su ji daga shagon gaba. "Mu da ƙofa ta yi wa aski ba mu ce komai ba, sai ku da kuka ji labari."

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, tun ranar in ya rage taku huɗu ya isa tanderu, ƙafarsa ba ta ƙara gaba. Zai taho da niyyarsa, sai ƙafa ta ƙi, gumi ya karyo. Daga nesa yake miƙa doguwar sanda yana zura gwangwanayen burodi, yana fito da su bisa cinta. Ran da wani faranti ya faɗi, sai tsintar kansa ya yi durƙushe bayan buhuna, ya yi kamar yana neman takalmi. Burodi kuwa ya tona masa asiri. Yau ya fito fari kamar bai ga wuta ba, gobe baƙi ƙirin. Masu shaguna suka fara dawo da shi.

Hajiya ta kira shi ofishinta. "Baba, ka san girmanka a gidan nan. Amma ka duba wannan." Ta danna burodi da yatsa, ramin ya ƙi tasowa. "In tsufa ne, ka faɗa mini, ba abin kunya ba ne. Akwai wani da ya yi makarantar gashin burodi, ya ce zai iya farawa Litinin."

"Fulawar ce, Hajiya."

"Fulawar da muke saye shekara goma?"

Ya fito daga ofishin. Litinin saura kwana huɗu.

Washegari likita ta dawo duba marasa lafiyarta. Ta same su a shagon gaba, Direba ya miƙe ƙafa, Maigadi na gyangyaɗi. Ta yi musu 'yan tambayoyi, ta rubuta. Sannan ta shiga ciki ta tsaya tana kallon Baba yana aiki da sandarsa kamar mai tsokanar maciji a rami.

"Baba, an ce kai da kunci kake gane burodi."

"An ce."

"Nuna mini mana."

"'Yata, ina da aiki."

"Taku huɗu ne kawai."

Ya dube ta, ya dubi ƙofar tanderun. Ya ɗaga ƙafa, ƙafa ta koma inda take.

"Ni ba ni da ciwon malalata," ya ce a hankali.

"Na sani. Su ma ba su da naka. Rigarka ce suka ara suka sa. To don sun ɓata ta, sai kai ka zauna ba riga?"

Ta ciro alli daga jakarta, ta ja layi huɗu a ƙasa, daga inda yake tsaye har gindin tanderu. Ta sa aka kira Hajiya da mutanen shagon gaba.

"Hajiya, an yi kuskure," in ji ta. "Zaman fanka ba ya maganin wannan ciwo, ƙara shi yake. Mai shi kullum da safe zai tsaya a layin farko, wuta na ci, har zuciyarsa ta kwanta. In ta kwanta ya matsa na biyu. Ina nan tare da su. Wa zai fara?"

Direba ya ce shi gaskiya tun jiya yake jin sauƙi, dama yana shirin faɗa. Maigadi ya ce tasa ta gida ce, ba ruwanta da wuta. Dogo ya dafe ƙirji bisa sabo, ya tuna, ya mayar da hannun aljihu.

"Ikon Allah," in ji Hajiya. "Duk kun warke? To shi ke nan, likita, ba mai ciwo a gidan nan. Baba, maganar Litinin tana nan."

Baba ya duba. Ga mutanen da ya yi sati biyu yana zagi, duk sun zuba masa ido. Ga kuma tanderun da ya san shi tun kafin a haifi Dogo.

"Akwai mutum ɗaya," ya ce.

"Wa?"

"Hajiya, sai na buga ganga? Ni ne. Ba fulawa ba ce, ba tsufa ba ne. Ƙafata ce ta ƙi zuwa."

Ba wanda ya yi dariya. Maigadi ya cire hula ya sosa kai. Hajiya ta daɗe tana dubansa, sannan ta tambayi likita wata nawa abin zai ɗauka. Likita ta ce ba ta yin alkawari, amma a ba su wata biyu a gani.

"Na ba shi uku. Amma burodina fa? Wa zai riƙa gane ya gasu kafin nan?"

Baba ya taka layin farko. Gumi na bin inda girarsa take a da, amma ya tsaya. Ya juya ya ƙare wa ma'aikata kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Dogo, tunda ka warke, zo nan. Kara fuskarka a ƙofar can, ka gaya mini abin da hancinka ya ji."

"Baba, da zafi fa!"

"Matsa dai. Ƙamshin kwaɓi kake ji, ko na ɓawo?"

Dogo ya runtse ido, ya miƙa wuya kamar za a yanka shi. "Na... na ɓawo, ina ji."

"Kana ji, ko ka ji?"

"Na ji, Baba, wallahi na ji!"

"To kauce kada ka ƙone mana. A fito da shi."