Yankan Radiyya

Hammajoda kafinta ya rufe shagonsa a Ƙofar Dumi da hantsi, ya hau babur da magana ɗaya a bakinsa: dole Radiyya ta bar wannan karatun. Shekara biyu ke nan 'yarsa tana koyon aikin gwaje-gwajen asibiti, shi kuwa abin da ya ji kawai shi ne kaki da majinar marasa lafiya suke dubawa. Tun da labarin ya zo masa hankalinsa bai kwanta ba. Idan ta kwaso tarin fuka fa? Gara ta koma koyarwa.

Ya same ta a ɗakin gwajin makarantarsu cikin farar riga, baki da hanci a rufe. Kafin ya buɗe baki malamarsu, Madam Dorcas, ta gaishe shi, ta jawo kujera, ta ce tun da ya zo sai ya ga aikin 'yarsa. Kunya ta hana shi ƙi. Ya kafa ido a madubin na'urar da ke ƙara girman ƙananan abubuwa.

Da fari ja-ja kawai ya gani. Can sai ga wasu abubuwa jere kamar ƙananan ƙoƙuna, kowanne cike fal. Radiyya ta ce daga maƙogwaron akuya ta yanko, amma irinsu na nan a nasa. Su ke zuba majina, majinar ta kama datti kamar gam, tari ya fitar.

"Garin katakon da kake shaƙa shekara talatin, Baba, su suke tare maka shi."

Ya yi gyaran murya a hankali, kamar mai gudun tada su.

Madam Dorcas ta ce sai an yanka naman ya fi ɓawon albasa sirantaka kafin a ga komai, kuma duk ajin babu mai hannun Radiyya, na sauran yagewa yake yi. Hammajoda ya ɗaga ɗan gilashin da aka shimfiɗa yankan a kai ya duba a hasken taga. Ya san abin da ake nufi. Shi ma sai da ya shekara biyar kafin randarsa ta gyaran fuskar katako ta fitar da ɓawo bai tsinke ba.

"Baba, lafiya dai ka zo?"

Ya ajiye gilashin da hannu biyu. Ya ce lafiya lau, hanya ce ta biyo da shi. Sannan ya tambaye ta wa yake wasa musu wuƙar, don irin wannan hannu bai kamata a ba shi dakusasshen ƙarfe ba.