Huda Uku a Cikin Alhaji Hamma

Alhaji Hamma ya yaye rigarsa a tsakiyar zaure, ya nuna wa masu dubiya tumbinsa.

"Ku duba da kyau. Huda uku ce kawai. Likitan ma bai taɓa ni ba, yana can gefe a zaune gaban allo, mutum-mutumi ne ya zura hannuwansa ya ciro tsakuwar da ke matsarmamata. Washegari da ƙafata na hau jirgin dawowa daga ƙasar waje."

Zauren ya ɗauki "Allahu Akbar!"

Jinjiri mahauci yana tsugune kusa da ƙofa. Maƙwabta ne suka matsa masa ya zo. Ciwon nan dai shi ya kwantar da matarsa Zuwairatu wata biyu da suka wuce. A wani ƙaramin asibiti da ke hanyar Safana aka farke ta daga ƙirji har cibiya, ana tsakiyar aiki janareto ya mutu, aka ƙarasa ɗinki da hasken waya. Har yau ɗinkin ruwa yake yi. Ɗakin tiyatar da aka ba Alhajin kwangilar ginawa a asibitin kuwa, shekara huɗu ke nan awaki ke kwana a ciki.

"Jinjiri, matso ka ga hoton injin," in ji Alhaji, yana miƙo waya. "Ya mai jiki? An ce ita ma an yi mata."

"An yi mata," in ji Jinjiri. "Shekara ashirin ina fiɗa a kasuwar Batsari, Alhaji. Wallahi ko akuya ban taɓa yi wa irin yankan da aka yi wa matata ba."

Wani dattijo ya ja wa Jinjiri hannun riga.

"Haƙuri za ka yi, kowa da ƙaddararsa," Alhaji ya ce, yana sauke rigarsa. "Yauwa, tunda ka zo. Akwai sa biyu da zan yi sadakar samun lafiya gobe. Kai za ka yanka, sai ka kai mata kayan ciki ta sha romo."

Jinjiri ya miƙe, ya zura takalmansa ɗaya bayan ɗaya.

"Likita ya hana ta maiƙo," ya ce. "Ka nemi wani."

Ya fita ya nufi kemis, don audugar da ya manna mata da safe ta riga ta jiƙe.