Ruwan Zafi a Ramin 'Yan Dodanni

Sabi'u mutum ne da ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kira maƙwabci, amma a cikin wayarsa ya kashe rayukan da suka fi mutanen Rogo yawa. Aikinsa rubuta wa dagaci takardu a Ruwan Bago, aikin da kan ƙare tun da hantsi. Daga nan sai gida, ya miƙe ƙafa a gindin darbejiya inda sabis ya fi kamawa, ya shiga wasan.

Wasa ne na intanet, mutane daga ko'ina, kowa da jaruminsa. Ka kashe dodo a ba ka maki, makin ya taru jaruminka ya ƙara ƙarfi. Manyan dodanni suna ramawa, shi kuwa Sabi'u ba ya son wahala. Sai ya gano wani rami a gindin wata tsamiya, can ƙarshen taswirar wasan, cike da 'yan dodanni masu manyan idanu. Ba sa cizo, ba sa gudu. Jaruminsa na da tukunyar tafasasshen ruwa. Ya tsaya a bakin ramin ya kwarara, su yi 'yar siririyar ƙara, maki ya hau. Jim kaɗan wasu su sake fitowa. Daɗi ya ɗebe shi har ya tura wa abokinsa Lukman na Karaye da sauran 'yan ƙungiyarsu kwatancen wurin, aka sa Asabar bayan azahar za a yi wa ramin gayya.

Mahaifiyarsa, Inna Barira, tana ɓarar gyaɗa a gefensa ta leƙa wayar.

"Kai, me kake zuba musu haka?"

"Ruwan zafi ne, Inna. Wasa ne kawai."

Ta ajiye gyaɗar. Ita da ko ruwan tsame taliya ba ta watsarwa a tsakar gida sai ta yi bisimilla ta ce a kauce, don kar ta ƙona 'ya'yan mutanen ɓoye.

"A rami, kuma gindin tsamiya? Ka yi bisimilla? Ka ce su kauce?"

Sabi'u ya yi dariya har da buga cinya. "Inna, in sun kauce ai babu maki. Ba su da rai fa, zane ne."

"Ba su da rai suke kuka? Iyayensu fa, suna ina?"

Ya ci gaba da kwararawa.

Washegari 'yarsa Ihsan, wadda ba ta daɗe da fara rarrafe ba, ta tashi da bororo a dantse. Uwarta Kausar ta rantse ko kusa da murhu yarinyar ba ta je ba. A asibiti aka ce ƙunar ruwan zafi ce, aka naɗe da bandeji, aka bi Kausar da wani irin kallo. Kashegari Sabi'u yana tsaka da wasan, ya kwarara tukunya ke nan, Ihsan ta tsala ƙara daga ɗaki. Ya san ƙarar nan. Ita yake ji kullum a waya, sai dai yau ta fito daga bakin 'yarsa. Aka duba, sabon bororo a gadon bayanta.

Tsoro ya kama shi sosai. Ranar Juma'a ko taɓa wasan bai yi ba, kuma babu sabon tabo. Har ya fara samun natsuwa, sai ya tuna da gayyar Asabar.

Da Asabar ɗin ta zo, ya kira Lukman yana roƙo. Lukman ya sheƙe da dariya. "Kai ka nuna mana gona, yanzu ka ce kar a yi girbi? Malam, mun riga mun taso."

Bayan azahar, garin tsit ko kukan kaza babu, sai na Ihsan a ɗaki, Sabi'u ya shiga wasan ya tsayar da jaruminsa a bakin ramin. Ya waiga ko wani na jinsa, sannan ya kai bakinsa kusa da wayar ya yi sallama, ya ce a yi haƙuri. 'Yan dodannin suka fito suka zuba masa ido. Ta ƙarshensu rarrafe take yi, da farin bandeji a dantse.

Sai ga su Lukman, kowa da tukunyarsa.

Hanya ɗaya ce ta rage. Dokar wasan ita ce duk wanda ya kai wa ɗan'uwansa ɗan wasa hari, sunansa zai koma ja, kuma wanda ya kashe shi ya gaji makinsa gaba ɗaya. Sabi'u ya yi bisimilla, ya juye tukunyarsa a kan jarumin Lukman.

Sunansa ya yi jajir. Duk suka bar ramin suka juyo kansa.

"Sabi'u," in ji muryar Lukman a wayar, cike da murna, "ka san makin da ke kanka kuwa?"

Tukwane suka ɗagu. A ɗaki kukan Ihsan ya tsaya, ya ji Kausar na ce wa Inna, "Alhamdulillahi, ta samu barci." Zafin ya fara sauka a kafaɗarsa, ƙarƙashin riga, yana gangarawa bayansa. Ya danne babban yatsansa a kan wayar don kar jarumin ya gusa daga bakin ramin, ya cije leɓe don kar ya tashi yarinyar.